Wa Ke Riƙe Da Raliya?

To, ku gyara zama, mai goro a baki ya tauna a hankali, don yau ba labarin dariya na zo da shi ba. Magana ce aka kawo mini in yanke, na yi mako biyu ina juya ta ban kai ƙarshenta ba. Shi ya sa zan ajiye ta a gabanku in koma gefe, ku yi ta ja har magariba ta raba ku.

Akwai wasu iyaye, gida goma sha biyu, waɗansu a Zariya, waɗansu a Funtuwa, biyu a Kano, da suka cire 'ya'yansu daga aji. Kada ku ce ƙin boko suke yi, yawancinsu sun fi ni da ku takardu. Karatun addini kuma ba su wasa da shi, a gida ake yi safe da yamma. Abin da suka ce shi ne yaro ya fi riƙe abin da ya nema da kansa. In ya ga tela ya tsaya, a bar shi ya tsaya, awo da lissafi za su same shi a can. In tururuwa ta ɗauke masa hankali, a bar shi ya bi ta har raminta. Sun sa wa abin nasu suna koyo a sake, mutane kuwa, da yake ba su raina abin tsokana, suka riƙa kiran su 'yan a-sake.

Duk wata uku sukan haɗu su yi kwana uku a wata gona a ƙauyen Rafin Kanya, don yaran su samu abokai, iyayen kuma su ƙarfafa wa juna gwiwa. A taron nan sun haramta wa kansu duk wani abu mai ƙanshin makaranta. Ba ƙararrawa, ba layi, ba kiran suna, kuma ba wanda zai tsawata wa ɗan wani. In ka tambaye su wa ke kula da yara, sai su ce maka a nan duk yaro ɗan kowa ne. Maganar tana da daɗin ji, ni ma da na fara jin ta sai da na gyaɗa kai.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan dokokin nan shi ne Malam Tanimu, mutumin Zariya, mijin Sa'ade 'yar ƙanwata. Ya yi shekara goma sha huɗu yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye alli. Ya kira suna a aji har ya gaji, yakan ce yaro ba akuya ba ne da za a riƙa ƙirga shi a bakin garke. Suna da 'ya mai shekara tara, Raliya, yarinya marar surutu. A unguwarsu ba ta da ƙawa ko ɗaya, don lokacin da take gida sa'anninta duk suna makaranta. A taron nan kaɗai take da abokan wasa, tun ana saura mako biyu take ɗaure kayanta.

Taron bazara na bana ya zo Sa'ade tana jegon tagwaye, ba halin tafiya. Ranar tashi ta rako su zaure da jariri ɗaya a kafaɗa, ta ce, "Malam, in na tashi tambayar yarinyar nan, wa zan tambaya?"

Ya yi dariya ya ce, "Haba Sa'ade. Iyaye sun fi ashirin a wurin. Duk taron ne ke riƙe da ita."

Ta gyara wa yarinyar ɗankwali ta koma ciki. Ku riƙe tambayar nan tata, za mu dawo gare ta.

Rana ta biyu da hantsi, maza na zaune a gindin tsamiya suna muhawara a kan ko ya kamata a sa yaro haddar lissafi in bai nema ba. Kun san masu ilimi in suka samu inuwa da shayi. Raliya ta zo ta tsaya a kafaɗar ubanta har ya waiwayo, ta nuna bayan gidan gona inda rumbuna tara suke jere, ta ce, "Abba, yaya cikin rumbu yake?" 'Yar birni ce, buhu ta sani, ba ta taɓa ganin ɗakin laka da aka gina wa hatsi ba. Tambayar ta yi wa Malam Tanimu daɗi ƙwarai, har ya dubi abokansa don su shaida, sannan ya ba ta amsar da ya saba bayarwa: "Je ki gano, ki zo ki gaya mini." Ya juya ya ci gaba da maganarsa. Bai tambaye ta da wa za ta je ba, bai kuma ɗaga kai ya ga tsayin abin da ta nuna ba.

A hanya ta wuce murhu, inda Hajiya Kuluwa ke tsaye a kan tukunya. Mutuniyar Funtuwa ce, uwar yara biyar, ita ke riƙe da girkin taro tun da aka fara shi. Ta ga yarinya ta bi ta bayan gida ita kaɗai, kuma ta can ne hanyar rafi take. Ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta tuna taron da ya wuce. A wancan taro ta taɓa daka wa wannan Raliyar tsawa don ta leƙa rijiya, Malam Tanimu ya zo a gaban mata ya ce da murmushinsa, "Hajiya, a nan ba ma koya wa yara tsoro." Maganar ta zauna mata a ƙirji wata uku cur. Don haka ta haɗiye kiran, ta ce a ranta 'yarsa ce, ya fi ni sanin ta, ta mai da hankali kan wuta.

Mai gonar kuwa wani dattijo ne, Baba Gwadabe. Shi ba ɗan a-sake ba ne, bai ma yarda da su ba. Yana ba su wuri ne don ɗan ƙaninsa na cikinsu, kuma kwana ukun nan cikin mita yake yin su, yau a kan agwaginsa da ake kora, gobe a kan shingen da ake tsallakewa. Yara na jin takunsa suke watsewa. Rumbunsa na ƙarshe ba komai a ciki, ya kwashe dawar da ta rage zai yi masa sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka. Da sassafe ya hau ya buɗe bakinsa don ya sha iska, ya bar tsani a jingine.

Raliya ta hau tsanin nan, ta zura ƙafafu ta bakin, ta taka katangar da ta raba cikin, ta dira ƙasa. Tana cikin shafa bango sai ta ji muryar tsohon a waje yana faɗa shi kaɗai, wai in bai ɗauke tsanin nan ba yau sai wani ɗan birni ya karya wuya. Ta laɓe a gindin katanga ta yi tsit, don tsoronsa ya fi mata tsoron duhu. Ya hau, bai leƙa ba, bai ce akwai wani a ciki ba. Ya kifa murfin laka, ya ɗora jinka, ya sauko. Tsanin kuwa ya sa shi a amalanken wani maƙwabcinsa da ke neman aronsa don gyaran ɗaki a ƙauye na gaba, ya ce a tafi da shi can, hankalinsa ya fi kwanciya.

Kun san zafin bazara, kun san laka in rana ta doke ta. Yarinya ta yi kira, ta buga bango, amma bangon kauri gare shi, ga yara talatin na ihu a fili, wasu na gwada kiɗa da gwangwani. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, aka yi azahar, ba wanda ya nemi Raliya. Uban na zaton tana wurin mata, mata na zaton tana wurin ubanta, ƙawayenta na zaton ta tafi bin wani abu kamar yadda ta saba. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Yanzu ku ji abin da kowannensu ya yi.

Hajiya Kuluwa tana da wata ɗabi'a da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. An hana ƙirga yara, ita kuwa ba ta iya zama ba ta ƙirga ba. Don haka tun ranar farko takan ware kwanukan yara daidai yawansu, talatin da ɗaya ba ƙari, ta ce wai don a rage wanke-wanke. Da aka gama rabon shinkafa da wake, kwano ɗaya ya rage a kan tabarma. Ta bi fuskokin masu ci ɗaya bayan ɗaya, ba Raliya. Ta gaya wa mata, suka ce yunwa za ta kawo ta. Ta aika wa maza, aka ce a bar yarinya ta gama abin da take yi. Nan ta ajiye kunya da dokar taro a gefe, ta ɗauki murfin tukunya da muciya, ta tsaya a tsakiyar fili tana bugawa kamar ƙararrawar makarantar da suka gudo, tana ihu, "Ku tashi! Ba a ga Raliya ba! Tun hantsi ta bi hanyar rafi!" Ba ta daina ba sai da kowa ya miƙe. Da ta sake yin shiru, da sai magariba za a farga, yarinyar kuwa ba za ta kai la'asar ba.

Jama'a suka zuba a guje zuwa rafi, don duk da ya ƙafe akwai wuri ɗaya da ruwa ke taruwa ya yi zurfi. Samari na gudu suna tuɓe riga, Baba Gwadabe na gaba da doguwar gora. Malam Tanimu ya bi su har rabin hanya, sai ya tsaya cak. Ya san 'yarsa. Tsoron ruwa take yi, ko kwata ba ta tsallakewa sai an riƙe mata hannu. Abin da ke jan ta shi ne abin da ke rufe. Tana shekara huɗu an same ta a cikin randar da ba ruwa, tana shida an same ta a cikin akwatin kayan uwarta. Yana tuna wannan sai tambayar safe ta faɗo masa, tare da amsar da ya bayar. Ya kwarma ihu har muryarsa ta dishe, ba wanda ya waiwayo. Ya sheƙa ya cim ma tsohon, ya cafke masa hannu ya ce, "Baba, ba ta cikin ruwa! Rumbu ta tambaye ni, rumbu!" Da ba don shi ba, da jama'a sun ɓata awa biyu suna laluben taɓo, yarinya na bayansu taku hamsin.

Baba Gwadabe na jin an ce rumbu, nan take ya san wanne. Rumbuna tara ne, duk a rufe iri ɗaya, uban har ya fara dukan na farko. Tsohon ya ce, "Na ƙarshe ne, Malam. Ni na rufe shi." Ba tsani. Wani saurayi ya taka kafaɗun mutane ya hau ya ture murfi, ya yi kira, ba amsa. Bakin kuma ba ya cin babban mutum. Malam Tanimu ya rarumi taɓarya zai maka wa jikin rumbun, tsoho ya riƙe ta ya ce, "In ka buga nan, a kanta zai rufta." Ubansa ne ya gina rumbun nan, shi yana yaro yana miƙa masa laka, yau shekara hamsin da wani abu. Ya san ɗaki uku ne a ciki, ya san wanda mai shiga ke dira a ciki, ya san inda bango zai ɗauki sara ba tare da ya zube ba. Ya durƙusa da gatari ya fara sara can ƙasa, a hankali da farko, sannan da duk ƙarfinsa, har ya yi kafar da kafaɗarsa za ta shiga. Ya zura hannu ya taɓa ƙafa, ya jawo ta waje.

Ta fito ba motsi, leɓe a bushe, jiki kamar garwashi, ko zufa babu. Mata suka taho da kofi za su ɗura mata ruwa, ya daka musu tsawa ya ce za su shaƙe ta. Ya taɓa ganin irin wannan a wurin masu aikin rana. Ya kwantar da ita a inuwa, ya cire rawaninsa ya jiƙa, ya naɗa mata a wuya da hammata, ya sa aka yi ta fifita da faifai ana sake jiƙa rawanin. Bai bari kowa ya matso ba sai da ta buɗe ido, sannan ya riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan da hannunsa. Da ba don shi ba, ko an san inda take, da ko dai bango ya danne ta ko ruwa ya shaƙe ta. Rumbun kuwa tsagewa ya yi har sama, ruwan farko na damina ya kayar da shi.

Da ta iya magana, idonta ya nemi ubanta. Ya durƙusa kusa, ta ce masa da 'yar murya, "Abba, na gano. Ɗaki uku ne a ciki. Kuma in an rufe ba a jin mutum." Malam Tanimu, wanda ba a taɓa ƙure shi a muhawara ba, ya zauna a ƙasa ya yi kuka a gaban kowa. Daga nan aka sa ta a mota aka kai ta asibitin gari, aka yi mata ƙarin ruwa, ta kwana biyu aka sallame ta.

Da suka koma Zariya, ya zaunar da matarsa ya gaya mata komai, bai ɓoye ko ɗaya ba, wannan na shaida masa. Sa'ade ba ta yi ihu ba. Ta kama hannayen yarinyar ta duba, farata duk sun karye, har yanzu da laka a ƙarƙashinsu. Ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta yanke abin da ya rage. Sai da ta gama ta ce, "Malam, lokacin da take kira, wa ke riƙe da ita?"



Ta ƙara da cewa, "Ban hana ta taro ba. Na san can kaɗai take dariya har a ji ta. Amma ba za ta sake fita zauren nan ba sai an ba ni sunan mutum ɗaya. Ɗaya tak, wanda zan sa hannunta a nasa, in tambaye shi ita in an dawo. A cikin mutum ukun da suka motsa ranar nan za a zaɓo mini. Kada a ƙara ce mini duk taro."

Maganar ta kai ga gidaje goma sha biyun nan, suka rabu uku. Da suka kasa, suka tuna Sa'ade tana da kawu.

Masu goyon bayan Malam Tanimu suka ce ai ba ma abin tambaya ba ne. Shi ne uba, shi Allah ya ɗora wa, shi za a tambaya gobe kiyama. Mutum sittin sun nufi ruwa, shi kaɗai ya san zuciyar yarinyar. Kuma abin kunya ne uba na raye, yana wurin, a miƙa 'yarsa ga wani. Sauran suka ce to ai a hannunsa take ranar nan ma. Da bakinsa ya tura ta, kuma shi ne ya rufe bakin wadda za ta kira ta.

Masu goyon bayan Hajiya Kuluwa suka ce riƙon yaro ido ne, kuma idonta ne kaɗai bai yi barci ba. Ta ƙirga lokacin da aka hana ƙirga, ta buga ƙararrawa a wurin da aka haramta ta, ba ta damu da abin da za a ce mata ba. Sauran suka ce tana da nata biyar, ga tukunyar mutum sittin. Ta ga yarinyar da idonta ta bar fushin wata uku ya hana ta kira ɗaya, da ta tashi magana kuma sai ta tura kowa inda ba nan ba.

Masu goyon bayan Baba Gwadabe suka ce wurin nasa ne, ya san kowane rami da kowace rijiya, ya san abin da ake yi in abu ya faru. Ba 'yarsa ba ce, ba taronsa ba ne, amma ya sare ginin ubansa ba wanda ya roƙe shi, kuma har yau bai ambaci rumbun ba. Sauran suka ce hannun da ya fasa shi ne ya rufe, ba tare da ya leƙa ba. Kuma yarinyar ta gwammace duhu da ta amsa masa, yaya za a ba da amanar yaro ga wanda yaron ke ɓuya masa?

Na je na same su ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu ya ce mini in an ba shi zai karɓa, kowannensu kuma ya ce mini tsoro yake ji. Ban ga maƙaryaci a cikinsu ba.

Saura kwana tara taron damina. Jiya na je gidan, na tarar ƙullin kayan Raliya a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗaure shi tun makon jiya. Faratan sun fara tsirowa. Yarinyar ta bi ni da ido har na fita, uwarta kuma ta ce, "Kawu, ina jiran sunan."

To, ku da kuke da 'ya'ya, da ku da kuke riƙon na wasu, ga uban da ya san inda take, ga matar da ta san ba ta nan, ga dattijon da ya fito da ita da rai. A hannun wa Sa'ade za ta sa hannun Raliya?